Wace kwamfutar tebur mai araha zan saya don kallon bidiyo mai tsabta?

Wani malamin makarantar sakandare ya aiko da tambaya daga Gusau, ga ta a taƙaice: "Ina so in sayi kwamfutar tebur ta hannu in haɗa ta da talabijin ɗin falo mai inci 43. Kallo ne babban aikinta, fina-finan da nake turowa a filash da wa'azi da darussa a YouTube, sai yara su ɗan yi aikin makaranta. Wani mai shago ya nuna mini Core i7 mai ram 16, lambar da ke jikin firosesar 2600, ya ce babu bidiyon da zai gagare ta. Kuɗina ba su da yawa, kuma da inbata muke kwana. In saya?"

Malam, kada ka saya tukuna. Mai shagon bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba, amma abin da ya fi muhimmanci bai faɗa maka ba, wataƙila ma shi kansa bai kula da shi ba. Wannan i7-2600, wato firosesar da ke zaman ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta fito ne a 2011. A zamaninta sarauniya ce, har yau ma tana iya aikin ofis ba gardama. Sai dai kallon bidiyo ba ƙarfin firosesa yake nema ba kamar yadda ake zato, abin da yake nema shi ne shekarun firosesar.

Bari in bayyana dalili, domin idan ka gane wannan, ko ni ba ka buƙatar ka sake tambaya.

Bidiyon da ake kira 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai a kowane hoto guda, kuma ana jero hotunan 24 ko 25 ko 30 ko 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wanda ake kira 4K ya ninka wannan sau huɗu, ɗigo sama da miliyan takwas. Da a ce haka nan ake ajiye su ba tare da an matse ba, fim ɗaya sai ya cinye ɗaruruwan gigabait, ba zai shiga filash ɗinka ba. Don haka ake matse su, kamar yadda ake ɗaure dilar gwanjo, kuma duk lokacin da ka danna kallo dole kwamfuta ta riƙa kwance ɗaurin nan cikin sauri ba tsayawa. Salon ɗaurin shi ake kira kodek. Guda huɗu ne za ka ci karo da su: H.264 na 2003, wanda har yau shi ya fi yawa, H.265 da ake kira HEVC, na 2013. VP9 na Google, shi ma na 2013. Sai AV1 na 2018. Kowane sabo ya fi na baya iya matsewa, kuma ya fi shi wuyar kwancewa.

To ga inda maganar take. A cikin firosesar Intel, a ɓangaren da ke fitar da hoto, akwai wata ƙaramar dikoda, kusan irin ta tauraron ɗan adam da ke ƙarƙashin talabijin ɗinka, wadda ba ta da wani aiki sai kwance bidiyo. Intel na kiranta Quick Sync. Idan bidiyon da ka kunna yana cikin salon da dikodar ta sani, ita ke ɗaukar kayan, firosesa ta zauna tana hutawa, fanka ba ta ƙara, wuta ba ta sha. Idan kuwa ba ta san salon ba, sai nauyin duka ya faɗo kan firosesar, ta yi ta fama da ƙarfin tuwo. Wani lokaci ta iya, wani lokaci hoto ya riƙa tsalle, murya ta wuce baki ya biyo ta a baya. Kuma ita dikodar nan a jikin ƙarfen aka ƙera ta, ba a ƙara mata ilimi da sauke wata manhaja. Abin da ta sani ranar da ta fito daga masana'anta shi ta sani har ta mutu.

Dikodar i7-2600 H.264 ta sani da waɗanda suka girme shi. Ba ta san HEVC ba, ba ta san VP9 ba, domin lokacin da aka ƙera ta ba a haife su ba. Za ta kunna maka 1080p, ban musa ba, har na HEVC ma tana iya turawa da ƙarfi. Amma tana yi tana zafi, firosesa ce mai wat 95, fanka na kuka a falo, batirinka na zuba. Idan ka kawo mata 4K kuwa nan za ta durƙusa, kuma ko da ta iya kwancewa, ɓangaren hotonta ba ya iya fitar da 4K zuwa allo. Ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mai gigabait 16 da aka yi maka kwalliya da shi babu abin da zai tsinana a nan.

Yanzu ka koyi karanta lamba, shi ne makaminka a kasuwa. A firosesar Intel mai lamba huɗu, ta farko ita ce zubi, abin da 'yan kasuwa ke cewa janareshon. 2600 zubi na biyu ne, 4590 na huɗu, 6500 na shida, 7500 na bakwai, 8100 na takwas. Daga na goma lambar ta zama biyar, biyun farko su ne zubin. Kalmar i3 ko i5 ko i7 matsayi ce kawai a tsakanin 'yan zubi ɗaya, kamar a ce wane ne babba a cikin 'yan aji ɗaya. Ba ta gaya maka wane aji ba ne. Zubi na biyu zuwa na huɗu, H.264 ne gwanintarsu. Na shida, wanda ya fito a 2015, ya san HEVC na gama-gari amma bai ƙware a mai zurfin launi ba, wanda za ka ga an rubuta 10bit a sunan fayil ɗinsa. Na bakwai shi ne inda aka tsallake rafi: ya san HEVC mai 10bit, ya san VP9, har 4K. Na takwas da na tara da na goma dikodarsu kusan ɗaya ce da ta na bakwai. AV1 kuwa sai daga zubi na 11.

Saboda haka i3-8100, wadda mai shago zai ce maka "ai wannan i3 ce kawai", ta fi i7-2600 a aikin da kake so nesa ba kusa ba. Ita ma ƙwaƙwalwa huɗu gare ta a ciki kamar i7 ɗin, ta 2017 ce, kuma tana kwance 4K tana hamma.

Shawarata kai tsaye: ka nemi zubi na takwas, i3 ko i5. Idan aljihu bai kai ba, na bakwai. Ƙasa da haka kada ka sauka sai in kyauta aka ba ka. Abin da ya sa na fifita na takwas a kan na bakwai alhali dikodarsu ɗaya, shi ne Windows. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take karɓa. Ana iya tura ta da dabara a kan na bakwai, masu gyara na yi kullum, amma tunda yara za su riƙa shiga intanet da ita, gara wadda sabuntawa ke zuwa mata ba tare da wasa da wayo ba. Wanda bai damu da Windows ba, Linux Mint, wata manhajar da ke maye gurbin Windows, na tafiya lafiya a kan na bakwai.

Sai maganar jiki. Mu nan idan aka ce kwamfutar tebur, babban akwati ake hangowa, kuma mutane na ganin girman akwati shi ne girman aiki. Kamfanoni da bankunan Turai da Amurka kan canza kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, su ne ake lodowa a kawo mana, ka same su a Computer Village ta Ikeja, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano. A cikinsu akwai 'yan ƙanana da ba su wuce girman littafi mai kauri ba: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk ko ProDesk Mini, Lenovo ThinkCentre Tiny. 'Yan zubi na takwas su ne irin su OptiPlex 3060 da 5060 da 7060, EliteDesk 800 G4, ThinkCentre M720q da M920q. 'Yan na shida da na bakwai kuwa su ne OptiPlex 3050 da 7050, EliteDesk 800 G3, ThinkCentre M710q. Ka lura da waɗannan na ƙarshen, akwati iri ɗaya yana iya zuwa da firosesar zubi na shida ko na bakwai, don haka sunan akwatin bai isa shaida ba, sai ka duba cikin Windows.

Su ƙananan nan galibi firosesarsu na da harafin T a ƙarshe, kamar i5-8500T ko i3-8100T, ma'ana mai wat 35. Caja suke amfani da ita irin ta kwamfutar cinya. Ga mai inbata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yi lissafi da kanka: batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1200 na awa guda, kuma idan kana son ya yi ƙarko ba ka shan fiye da rabinsa, saura 600. A ce talabijin na cin 60, ƙaramar kwamfuta na cin 20 tana kallo, jimla 80, kana da awa bakwai da ɗoriya. Idan tsohon akwati ne da ke cin kusan 100 yana fama da bidiyon da dikodarsa ba ta sani ba, jimla 160, ko awa huɗu ba za ka cika ba. Arahar da ka samu a shago a batir za ka biya ta.

Illar ƙananan ita ce yawancinsu ba a sa musu katin girafik, wato katin fitar da hoto da ake ƙara wa kwamfuta, kuma idan cajar ta lalace sai ka nemi ta asali, domin Dell da HP na gane cajar jabu, wani lokaci kwamfutar ta rage gudu saboda haka. Idan kana ganin nan gaba za ka so ƙara wani abu, ɗauki matsakaicin akwati, wanda ake kira SFF. Ya ɗan fi cin wuta amma yana da wurin faifai babba da ramin kati.

Tunda na ambaci kati: wanda ya riga ya mallaki tsohuwar kwamfuta, ba lallai ya yar da ita ba. Katin Nvidia GT 1030 na da tasa dikodar da ta san HEVC da VP9, yana da HDMI 2.0, wat 30 kawai yake ci, ba ya buƙatar wata wayar wuta daban. A nemi mai ram irin GDDR5, akwai wani mai DDR4 da ake sayarwa da suna ɗaya amma ya fi rauni. GT 710 da GT 730 da suka cika kasuwa kuwa ba su san HEVC ba, asarar kuɗi ne a wannan aiki. Amma kai da ba ka saya ba tukuna, kuɗin tsohuwar i7 haɗe da kuɗin kati sau da yawa ya kai na 'yar zubi na takwas, to me ya yi zafi?

Abubuwa biyu ka guje musu. Firosesar Intel mai F a ƙarshe, kamar i3-9100F ko i5-9400F, ba ta da ɓangaren hoto kwata-kwata, dole sai da kati. Haka yawancin firosesar Xeon. A ɓangaren AMD kuma, a cikin 'yan shekarun da kuɗinka zai kai, masu G ne ke da hoto a ciki, irin su Ryzen 3 2200G da 3200G da Ryzen 5 5600G. Suna kwance HEVC da VP9 lafiya, idan ka samu da araha babu laifi.

Akwai kuma sababbin ƙananan kwamfutoci na China masu firosesar Intel N100 ta 2023. Rauninta a aikin ƙarfi a bayyane yake, amma dikodarta sabuwa ce, ta san har AV1, kuma wutar da take sha ba ta taka kara ta karya ba. Don kallo zalla tana da kyau ƙwarai. Abin da ke sa ni ɗari-ɗari shi ne kayan gyara. Dell ko HP ta lalace, kowane mai gyara a Gusau zai samo maka fanka ko caja. Waɗannan kuwa idan allon cikinsu ya ƙone sai dai haƙuri.

Yanzu juya kwamfutar ka dubi bayanta, domin a nan mutane da yawa ke yin kuka bayan sun isa gida. Talabijin HDMI yake so. Kwamfutocin ofis da yawa ba su da shi, DisplayPort gare su, wanda ya yi kama da HDMI amma kusurwa ɗaya ce a yanke. EliteDesk Mini musamman, sau tari DisplayPort biyu za ka gani. Ba matsala ba ce, ana sayar da 'yar mahaɗa daga DisplayPort zuwa HDMI, tana ɗaukar hoto da murya, kuma ga 1080p ko mai arahar ta wadatar. VGA, mai shuɗin baki da ƙusoshi biyu, ba ya ɗaukar murya kuma hotonsa ba ya kai na sauran, ka bar shi. Idan talabijin ɗinka 4K ne, to ka sani HDMI ɗin da ke jikin yawancin waɗannan kwamfutoci 1.4 ne, yana ba da 4K a hoto 30 kawai cikin daƙiƙa. Fim zai tafi daidai, amma linzami zai riƙa jan ƙafa, ƙwallo ma ba za ta yi santsi ba. Don samun 60 sai ka bi ta DisplayPort da mahaɗa mai ɗan inji a ciki, wadda aka rubuta 4K 60Hz a kwalinta.

Sai dai in tambaye ka, Malam: talabijin ɗin naka 4K ne kuwa? Masu inci 43 da yawa 1080p ne, wasu masu inci 32 ma ba su kai ba. Kuma daga kujerar falo, taku huɗu ko biyar daga allo mai inci 43, ido da ƙyar yake bambance 1080p da 4K. Ga kuma data. Netflix da kanta ta ce kallon awa ɗaya na iya cin gigabait 3 a HD, 7 a 4K. YouTube na ba da shawarar intanet mai gudun megabit 5 don 1080p, 20 don 4K. Sau da yawa wanda ya kawo mini kwamfuta yana cewa tana tsayawa a YouTube, idan na duba sai in tarar lafiyarta ƙalau, sabis ne ba ya isa. Bambancin a fili yake: idan da'ira ce ke juyawa a tsakiyar allo, intanet ne, idan hoto na tafiya amma yana tsalle-tsalle, kwamfuta ce. Haka fina-finan da ake turawa a shagunan dawunlodin, yawancinsu an matse su ne don waya, 360p ko 480p. Ko kwamfutar miliyan nawa ka saya ba za ta mayar da su masu tsabta ba, a babban allo ma muninsu zai ƙara fitowa. Ka riƙa ce wa mai turawar ya ba ka 720p ko 1080p, ka duba girman fayil ɗin, fim na awa biyu da bai kai megabait 300 ba ba HD ba ne ko me aka rubuta a sunansa.

Ram 8 ya ishe ka, kuma idan ka samu guda biyu masu 4-4 ya fi guda ɗaya mai 8, domin ɓangaren hoto daga ram yake aro. Faifan da Windows za ta zauna a kai ya zama SSD, wato faifai mai sauri marar juyawa, ko da mai gigabait 256 ne. Ba don bidiyo ba, tsohon faifai mai juyawa ma yana iya ciyar da fim ba tare da haki ba, sai don kada ka kunna kwamfuta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba. Fina-finai a ajiye su a faifan waje.

Ba a cinikin biri a sama. Ranar da za ka je kasuwa, sa bidiyo uku a filash: ɗaya 1080p mai x264 a sunansa, wato H.264, ɗaya mai x265 10bit, wato HEVC, ɗaya 4K idan ka samu. Ka sa manhajar kallo ta VLC a filash ɗin ma, kyauta ce kuma tana zuwa da abin kunna HEVC nata, ba kamar manhajar kallo ta Windows ba da za ta ce ka sayi ƙari. A shagon, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance. A ƙarƙashin CPU za ka ga ainihin sunan firosesar, ba abin da aka manna a jikin akwati ba, sitika kowa na iya liƙawa. Sannan kunna bidiyon, ka duba GPU, wato ɓangaren hoto, akwai wani akwati mai suna Video Decode. Idan layinsa ya motsa sama, CPU kuma tana ƙasa-ƙasa, to dikoda na aiki, abin da kake nema ke nan. Idan Video Decode na kwance a sifili, CPU ta haura 70 ko 90, ka gode wa mai shago ka ƙara gaba. A YouTube ma idan ka danna dama a kan bidiyo ka zaɓi Stats for nerds, zai nuna maka kodek ɗin da hotuna nawa suka zube.

Ka bar bidiyon ya yi minti ashirin yana tafiya kana sauraron fanka. Ka sa a shiga BIOS, shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a gabanka, domin wasu na zuwa da makullin kamfanin da ya yi amfani da su, kuma cire shi wahala ne. Ka gwada kowace kafar USB. Idan babban akwati ne daga Amurka, duba bayansa ko akwai ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Idan yana kan 115 ka soka a wutarmu, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Na taɓa ganin haka a hannun wani da ya sayo a Legas, ko gwadawa bai yi ba sai da ya iso gida, mai shagon kuma ya ce shi lafiya ya ba shi. Ka nemi rasit da garanti ko na sati biyu ne. Ƙananan ba duka ke zuwa da wayafai a ciki ba, ka tambaya, in babu akwai ɗan na USB mai araha.

Bayan ka haɗa a gida, abu biyu kan ba mutane haushi. Na farko gefen hoton ya shige cikin bangon talabijin, ka kasa ganin layin ƙasa na Windows. A saitin hoton talabijin ake gyarawa, LG na kiransa Just Scan, Samsung kuma Screen Fit ko Fit to Screen. Na biyu baƙi ya zama toka-toka, launi ya koɗe. Ko dai saitin zurfin baƙi na kwamfuta da na talabijin ne ba su daidaita ba, ko kuma fayil ɗin HDR ne, wato salon bidiyo mai ƙarin haske da launi, alhali talabijin ɗin bai san HDR ba. Idan na biyun ne, ka nemi fayil ɗin da ba HDR ba ka huta. Sai ƙura. Da zarar hunturu ya wuce ka sa a buɗe ta a hure, a canza man da ke tsakanin firosesa da abin sanyaya ta idan ya bushe, kuma kada a kulle ta cikin durowar talabijin inda iska ba ta shiga, musamman a zafin Afrilu. Idan kuna sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, ta zauna a layin inbata.

Da kallo ne kawai ba aikin yara, da na ce ka sayi ɗan akwatin Android ko ka soka filash ɗin a jikin talabijin ɗin ka adana kuɗinka. Amma tunda za su yi rubutu da bincike, koma wurin mai shagon ka ce ya fito maka da OptiPlex 3060 ko EliteDesk 800 G4 ko ThinkCentre M720q, mai i3-8100T ko i5-8500T, ram 8, SSD 256, da cajarta ta asali. Ka haɗa da kibod mara waya mai linzami a jiki don ka riƙa sarrafa ta daga kujera. Idan ya ce i7 ɗin nan ta fi, miƙa masa filash ɗin ka ce a kunna fayil na uku.